Ambulan ɗin Hajiya: rangwamen kanti da 'ya'yan fulam



Akwai wata Hajiya da ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata a Kumasi, ita ma yanzu nan Bronx take, kuma a famasin da nake aiki take karɓar maganinta. Ta yi shekaru da ciwon suga, amma a kwance yake, domin mace ce mai kiyayewa. Wata rana ta miƙo mini na'urar gwajinta ta ce in duba mata. Awon safe da ya saba tsayawa wajen 130 ya haura 200, kusan kullum, har tsawon mako uku.

Na ce, "Mma, ko kin tsallake magani ne?"

Ta ce, "Haba 'yata, ko na rana ɗaya ban tsallake ba. Tuwon ma ludayi ɗaya ne kamar yadda kika ce."

Sai da ta buɗe jaka za ta biya na hango wani ambulan ya kumbura da takardun rangwame, waɗanda muke kira kufon. Cikin raha na ce ta nuna mini dukiyarta. A ciki na tarar da amsar. Likita ya ɗora ta kan ƙwayar ƙarin jini, ƙwayar ta sa mata taurin bayan gida, wata ƙawarta ta ce ruwan busasshen fulam na maganin haka, sai kuma ga kufon na cewa a sayi kwalba biyu a samu ragi. Ta kwaso huɗu. Kofi ɗaya da safe, kofi ɗaya da dare. Ba ta ɗauke shi a matsayin abin zaƙi ba, magani ta ɗauke shi, ga shi kuma da araha.

Kofi ɗaya na wannan ruwa yana ɗauke da suga fiye da giram 40, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi goma. Gwangwanin lemon kwalba na Coca-Cola giram 39 gare shi. Hajiya da ta shekara goma ba ta taɓa lemon kwalba ba, tana shan kwatankwacin gwangwani biyu a rana ba ta sani ba.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ni ma a gidan kufon na tashi. Ranar Lahadi mahaifina kan sayo jarida ba don labari ba, sai don takardun da ke cikinta, mu yara mu zauna da almakashi muna yanka, mahaifiyarmu tana jerawa cikin gwangwanin biskit. Da wannan dabara aka ciyar da mu, aka kuma aika da abin da ya samu gida. Wanda ya san yadda ake neman dala a ƙasar nan ba zai raina ragin santi hamsin ba. Abin da nake so mu duba shi ne wane ne ya buga takardar, kuma me yake so mu saya.

Wa ke bayar da kufon, kuma don me?

Kufon talla ne. Tun asalinsa haka yake. Cikin na farko da aka sani a Amurka akwai na kamfanin Coca-Cola a ƙarshen ƙarni na 19, takarda ce da mutum zai miƙa a ba shi kofin lemo kyauta, don bakinsa ya saba. Har yau salon bai sauya ba. Kamfanin da ke da kuɗin buga kufon shi ne mai sarrafa abinci ya zuba a kwali ko kwalba. Manomin alayyafo ba shi da wannan kuɗi. A wani bincike da aka buga a shekarar 2014, wasu masu bincike a Kalifoniya sun tattara kufon fiye da dubu na manyan kantuna da ke intanet. Kashi 25 cikin ɗari na alewa ne da kayan ƙwalama da kayan zaƙi. Na kayan lambu kashi 3 ne kacal, na 'ya'yan itace kuwa bai kai kashi 1 ba.

Saboda haka idan mutum ya bar ambulan ya tsara masa cefane, kwandonsa zai cika da abin da likita ya hana shi. Mahaifiyata tana da ƙa'ida ɗaya da na ga amfaninta bayan na girma: ta fara rubuta abin da gida ke bukata, sannan ta buɗe gwangwanin ta ga ko akwai takardar da ta dace da shi. Wanda bai shiga jerin ba, ko nawa ne ragin, yana nan cikin gwangwani har wa'adinsa ya wuce. Inda kufon ke da amfani sosai shi ne kayan da ba a ci: sabulun wanki, man goge baki, takardar bayan gida, kunzugun yara. Sai kuma shinkafa, man girki, wake, kifin gwangwani da daskararrun kayan lambu idan an dace.

Iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya yi kayan, wanda yawancin kantuna ke karɓa, akwai kuma na kantin kansa, wanda ba ya aiki sai a can. Kantuna da yawa suna yarda a haɗa biyun a kan kaya ɗaya, amma ba duka ba, sai an tambaya. Ana samunsu a takardar tallan mako da ke bakin ƙofar kanti, da cikin akwatin wasiƙa, da bayan rasit, da kuma jikin kwalin kayan. A karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin a nan ake faɗin ranar ƙarewa, da girman kwalin da ake nufi, da ko sai an sayi biyu. Idan kayan da aka yi wa ragi ya ƙare a kanta, a tambayi mai kuɗi ko suna ba da takardar alkawari, wadda za a dawo da ita a saya a farashin ragin bayan kayan ya iso.

Ga wani lissafi, a matsayin misali kawai. Kwalin hatsin karin kumallo mai suna dala 5.49, kufon ya ce a sayi biyu a rage dala ɗaya. An biya dala 9.98. Kusa da shi ga na kantin, dala 3.29, biyu sun kama 6.58, babu wata takarda. Abin dubawa shi ne ɗan ƙaramin farashin da ke gefen alamar kanta, wanda ke nuna kuɗin kowane fam ko kowane awo. Shi ba ya ruɗi. Kuma idan kufon ya ja ku zuwa kayan da ba ku saba da shi ba, ku juya bayan kwalin ku karanta abin da aka haɗa, musamman alewa da yogot da miyar gwangwani, saboda abin da ba ya halatta gare mu.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne komawar rangwame cikin waya. Dattijo zai ga farashi mai sauƙi a kanta, ya je wurin biya a caje shi cikakken kuɗi, wai sai wanda ya danna kufon a manhajar kantin. Matasanmu, wannan aikinku ne. Minti goma ya isa ku buɗe wa Baba ko Mma katin kantin, ku danna musu na mako kafin su fita. A wurin biya lambar waya kawai za su faɗa. Wani gargaɗi kuma: saƙon da ke yawo a WhatsApp wai wani babban kanti na rabon kufon na ɗaruruwan daloli ƙarya ne. Babu kufon na gaskiya da zai nemi lambar katin banki ko lambar sirrin katin EBT.

Tunda ni mai magani ce, bari in ƙara wannan a taƙaice. Kufon da kamfanonin magani ke bayarwa don rage kuɗin maganinsu ba ya aiki ga mai Medicare ko Medicaid, doka ce ta hana. Kada a ji haushin mai famasi idan ya mayar da shi.

Takardun da suka cancanci wahala

Akwai kufon da aka yi musamman don kayan lambu da 'ya'yan itace, kuma shi ne mutanenmu suka fi bari ya wuce su.

Na farko shi ne Health Bucks na Hukumar Lafiya ta birnin New York, wanda aka fara a nan kudancin Bronx a 2005. Takarda ce ta dala 2. Duk mai katin EBT da ya je kasuwar manoma, a kan kowace dala 2 da ya kashe daga katin za a ba shi takarda ɗaya, har zuwa dala 10 a rana. Wato ka cire goma, ka yi cefanen ashirin. Teburin masu kula da kasuwar za a fara zuwa, su goga katin su ba da kwabban katako da takardun. Manomi ba ya tambayar suna ko wata shaida idan an miƙa masa. Ba a ba da canji, don haka a cika kuɗin da ɗan tumatir ko albasa. Wa'adinsu na ƙarewa ne a ƙarshen Disamba.

Na biyu na dattawa ne 'yan shekara 60 zuwa sama masu ƙaramin ƙarfi. Ɗan littafi ne na dala 25 da ake rabawa sau ɗaya a shekara, galibi a cibiyoyin tsofaffi, a lokacin zafi. Wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma yana aiki ne zuwa 30 ga Nuwamba, a kan kayan da aka noma a yankin kawai. Mata masu WIC su ma suna da irinsa. Akwai kuma shirin Get the Good Stuff a wasu kantuna, inda mai EBT ke samun ƙari idan ya sayi kayan lambu, 'ya'yan itace ko wake.

Kasuwannin ba su da nisa. Akwai ɗaya kusa da kotu a titi na 161 da Grand Concourse, akwai ta Poe Park, akwai ta bakin asibitin Lincoln, duk suna ci daga lokacin zafi zuwa kaka. A kira 311 a tambayi rana da lokaci kafin a fita. Abin mamaki, babbar kasuwar sarin kayan gwari ta Hunts Point, wadda ke ciyar da birnin nan, a unguwarmu take, amma mu ne ke fama da tsadar 'ya'yan itace.

To, mene ne fulam ɗin?

Na zaɓi fulam ne saboda shi ya jawo maganar, kuma saboda daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba yana cika teburan manoma da araha, mutanenmu suna wuce shi don ba su san shi ba. A kanti za ku ga an rubuta plum. Mahaifina da ya fara ganin baƙin ya ce ai ɗinya ce ta ƙoshi. Ba ita ba ce. Turawa kan kira ɗinya da sunan baƙin fulam, kamar yadda suke laƙaba wa tsada irin sunan, amma ba dangi ba ne. Fulam ɗan'uwan fic ne da ceri da almon, bishiyar ƙasashen sanyi.

Gida biyu ne manya. Na farko shi ne wanda ake kira na Japan, ko da yake asalinsa daga ƙasar Sin yake. Shi ne mai girma, zagayayye, mai ruwa, wanda ya fi yawa a kantuna, kuma yawancinsa daga Kalifoniya ake kawo shi. Wani masanin tsirrai mai suna Luther Burbank ne ya yaɗa shi a can, shi ya fito da irin Santa Rosa a 1906: fata ja mai duhu da ɗan tsami, ciki rawaya mai zaƙi. Baƙaƙen, irin su Black Amber da Friar, ba su kai shi tsami ba, su suka fi dacewa da wanda bai saba ba. Akwai Shiro, rawaya ƙarami, da ke fitowa da wuri a kasuwar manoma. Mutane kan ɗauka bai nuna ba saboda launinsa, alhali zuma ne.

Gida na biyu na Turai ne. Ƙanana ne, dogaye kamar ƙwai, shuɗi mai duhu, cikinsu ba ruwa sosai, ƙwallon kuma yana fita da sauƙi idan an tsaga. Wanda za ku fi gani shi ne na Italiya da kuma Stanley, wanda aka samar a tashar binciken noma ta garin Geneva a nan jihar New York a 1926. Suna zuwa ne a ƙarshen Agusta da Satumba. A ganina su suka fi dacewa da gidajenmu: sun fi araha idan kakarsu ta kama, sun fi jure ajiya, kuma ɗaya bai yi wa mai suga yawa ba. Daga wannan gida ake busar da wanda ake sayarwa a leda da sunan prunes. Damson ma a nan yake, amma tsaminsa ya sa sai dai a dafa.

Akwai kuma pluot, auren fulam da afirkot da wani manomin Kalifoniya, Floyd Zaiger, ya haɗa. Yana da daɗi ƙwarai, yana da zaƙi ƙwarai, yana da tsada. Wanda ake gani a kanti cikin hunturu kuwa daga Chile yake zuwa, ya sha doguwar tafiya cikin sanyi. Ni ba na sayensa.

Launi ba ya nuna nuna. A ɗan matsa kusa da gindin a hankali, idan ya ɗan lotsa ya yi. Farar hodar da ke jikin fatar ba maganin feshi ba ce, daga itacen take, alama ce ma ta cewa hannu bai yi masa yawa ba, sai dai a wanke kafin a ci. Mai tauri a bar shi a kan tebur cikin jakar takarda kwana biyu ko uku. Sai ya nuna ake sa shi a firji, idan aka sa shi ɗanye cikinsa yakan koma kamar gari. Idan an samu da yawa da araha, a tsaga, a cire ƙwallo, a daskarar. A gidana nakan dafa shi da ɗan ruwa da citta da kanumfari, ba suga, in zuba cokali biyu a kan koko. Yarana sun daina neman gwangwanin suga da safe. Ƙwallon kuwa a kiyaye shi daga ƙananan yara saboda shaƙewa, kuma kada a fasa a ci abin da ke ciki, yana da guba.

Ɗanye, busasshe da na kwalba ba ɗaya ba ne

A nan ne maganar ta shafi magani. Ɗanyen fulam matsakaici yana da abin da ke komawa suga a jini kimanin giram 7 zuwa 8, sauran kusan duk ruwa ne. Mai ciwon suga zai iya cin ɗaya ko biyu bayan abinci hankali kwance. Idan aka busar, ruwan ya tafi, zaƙin ya taru: kowane busasshe ɗaya yana da wajen giram 6, ga shi ƙarami, mutum zai cinye goma yana kallon talabijin. Na kwalba kuwa kun ji labarinsa, an tace yawancin zaren da ke rage saurin shigar suga cikin jini.

Ƙawar Hajiya ba ta yi ƙarya ba, busasshen fulam yana sassauta ciki. Yana da zaren abinci, yana kuma da wani sinadari mai suna sobitol da ke jan ruwa zuwa cikin hanji. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Iowa aka buga a 2011, an ba masu taurin bayan gida giram 50 sau biyu a rana, ya kuma fi garin psyllium da muke sayarwa a famasi aiki. Amma giram 50 ɗin nan guda biyar ne ko shida, sau biyu kuwa ya yi wa mai suga yawa. Shawarata ita ce a fara da biyu ko uku a rana tare da abinci, a sha ruwa sosai, a rage wani abin daga tuwo ko burodi, a kuma duba awon suga a kwanakin farko. Wanda ya fara da yawa zai sha kumburin ciki da iska.

Mutum uku nake so su yi magana da likita ko mai famasi kafin su mayar da shi abin kullum. Mai ciwon ƙoda, domin busasshen da ruwansa suna da sinadarin fotasiyam da yawa, kofi ɗaya na ruwan yana da kimanin miligiram 700, ƙoda mai rauni kuma ba ta iya fitar da shi, idan ya taru yakan taɓa bugun zuciya. Sai mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, waɗanda su ma suna riƙe fotasiyam a jiki. Sai mai shan warfarin na tsinka jini, saboda busasshen yana da bitamin K. Ba a hana shi ci ba, amma kada yau ya ci goma gobe ya bari, awon jininsa zai riƙa hawa da sauka.

Kuma a tuna, sau da yawa taurin bayan gida daga magani yake: ƙwayar ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam, magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tramadol da codeine, da wasu na hawan jini kamar verapamil. Wani lokaci sauya irin ƙwayar ko lokacin shanta ya wadatar. Idan kuwa abin ya wuce mako biyu zuwa uku, ko an ga jini, ko mutum yana ramewa ba dalili, ba maganar fulam ba ce, asibiti za a je. Na san mu mutanen zango muna jin nauyin wannan zance, amma gwajin hanji yanzu daga shekara 45 ake fara shi, ni kaina na kusa shiga layi.

Hajiya ta ajiye kwalaben. Na kira ofishin likitanta, aka mayar da ƙwayar ƙarin jinin ta koma kwana ɗaya sha, kwana ɗaya hutu, ta kuma koma busasshe uku bayan abincin rana. Cikin kwana goma awon safe ya sauko inda yake a da. Da Agusta ta yi, jikarta ta raka ta kasuwar titi na 161, ta dawo ta ajiye mini leda a kan kanta, na Italiya ne shuɗaye.

Ta ce, "Ga ɗinyar Turawanki. Dala huɗu, kuma ba daga aljihuna ba."

Duk mai ambulan irin na Hajiya ya zo da shi taronmu na wata mai zuwa, tare da kwalaben maganinsa. Zan zauna a teburin baya bayan an tashi, mu duba su tare, matasa biyu kuma sun yi alkawarin taimaka wa masu son a sa musu manhajar kanti a waya.